Tsakar Gidan Adar

Da zarar bazara ta kama, iska ta juya, zafi ya fara zuwa da gumi, duk mai ɗakin soro a Ƙonni ko Dogarawa ya san aikin da ke jiransa. Zai jingina tsani ya hau bisa, ya bi rufin yana taka shi sannu-sannu da tafin ƙafa, yana neman inda ya lotsa, domin nan ne ruwa zai kwanta har ya sami azara. Sai ya cike lotsin da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta ruɓa, ya daɓe, ya karkata shi yadda komai zai gangara bakin indararo. Daga nan ya zura hannu cikin indararon ya zaro abin da rani ya tara: sheƙar tsuntsu, busasshen ganyen bedi, ledar da guguwa ta ɗauko daga kasuwa. A ƙasa kuma uwargida ta sa yaro ya zungure rariyar gindin katanga, wadda ruwan tsakar gida ke bi ya fita kwararo. Ita kuwa ta mirgino randa, ta kwashe lakar bara da ke gindinta, ta ɗauraye, ta kafa ta daidai inda indararo zai zuba.

Akwai kuma maganar maƙwabci, wadda ba ta taɓa ƙarewa. Bayan ruwan farko za ka ji sallama a ƙofar gida: "Malam, indararon nan naka gindin katangata yake ci." Mai gida ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, gobe in Allah ya kai mu zan juya masa baki." In ya juya, shi ke nan. In bai juya ba, kafin a yi girbi magana ta kai gaban mai unguwa, kuma mai unguwa ba ya buƙatar littafi kafin ya yanke hukunci. Kowa ya san ruwan rufinka naka ne har sai ka raka shi inda ba zai cuci wani ba.

Ƙasar da ke tsakanin Illela ta Nijar, Malbaza da Birnin Ƙonni gida ce irin wannan, girma kawai ta fi. Tuddan Adar masu jan dutse, waɗannan shimfiɗaɗɗun da matafiyi ke gani hagu da dama in ya bar Tsarnawa ya nufi Tawa, su ne rufin. Koramun da suka tsaga gefensu su ne indararo. Kwarin Majiya, wanda ya taso daga wajen Buza ya gangaro ta ƙasar Dogarawa da Tsarnawa ya wuce ta Ƙonni, shi ne tsakar gida. Ta ɓangaren Illela kwarin Badagishiri ne ke karɓar nasa rabon. Rariyar Majiya kuwa a gidan maƙwabci take zuba, domin ruwan yana ƙetare iyaka ya faɗa tabkin Kalmalo da ke jihar Sakkwato.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɗaki mai tsawon mita biyar da faɗin huɗu, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, zai zubo lita 1,000, wato duro biyar. Hekta ɗaya kuwa a wannan dare za ta karɓi duro 2,500. To, a lissafa hekta nawa ke tsakanin Buza da Ƙonni. Ruwan shekara a wannan yanki bai wuce milimita 500 da 'yan kai ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa kuma cikin 'yan kwanaki ƙalilan yake sauka. Shi ya sa mutum ɗaya zai yi kukan ambaliya a Agusta, ya zo Maris yana kukan rijiya ta ƙafe, kuma duka biyun gaskiya ya faɗa.

Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna sai an sami wani a rediyo daga Yamai yana cewa jama'a su daina zama a hanyar ruwa. Maganar ta dace da wanda ya sayi fili a bakin korama ya kafa ɗaki don ya ga arha. Ga manomin fadama kuwa, wannan kira tamkar a ce wa uwargida ta daina girki a tsakar gida ne don ruwa na taruwa a can. Ina za ta kai murhun? Baƙar lakar da ke fadama ruwan ne ya kawo ta shekara da shekaru. Shi ne ke cika ƙarƙashin ƙasa har mutum ya haƙa 'yan gaba kaɗan ya sami abin ban-ruwa da rani. Dawar da ke tsayawa kore bayan geron jigawa ya bushe, a nan take. Albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Ghana da Kwaddibuwa, wadda manyan motoci ke layi a bakin titi suna lodinta, 'yar fadama ce. Jihar Tawa ita ce uwar albasa a Nijar, kuma ba a kan dutse take noma ta ba. Mutanen kwarin nan sun san abin da suke yi. Sun auna hasarar shekara ɗaya da ribar shekaru biyar, suka zauna. Abin da ya sauya shi ne shekarun hasarar sun fara matsowa kusa da juna.

Dalilin yana bisa rufi. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bunu ya kuma kwana a na kwano ya san bambancin. Bunu yana shan ruwa tukuna, sannan ya riƙa ɗigar da shi a hankali, har bayan an ɗauke da daɗewa kana jin ɗis-ɗis. Kwano ba ya riƙe ko ɗigo. Abin da ya sauka a kansa nan take yake isa ƙasa, da ƙara, da ƙarfin da zai haƙa rami a gindin bango. Tuddan Adar a da rufin bunu ne: sabara, geza, ƙirya, ciyawa, da ganyen da ya ruɓe a ƙarƙashinsu. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe mai yawa, gatari da garma da bakin dabba suka ƙarasa saura, domin jama'a ta ƙaru kuma kowa yana son gona da itacen girki. Da ƙasa ta zama tsirara, ɗigon ruwa ya riƙa dukanta kai tsaye har samanta ya yi ɓawo mai tauri. Wannan ne fako. Ka zuba masa bokitin ruwa ka dawo bayan ya wuce, ka tona da yatsa, za ka tarar da ƙura a ƙasa.

Masu auna ruwan koguna a Sahel sun ga wannan abu tun shekarun fari, har ya ɗaure musu kai: ruwan sama ya ragu, amma abin da ke gudu a koramu ya ƙaru. Shaidarsa tana nan kusa. A Ɗan Dutsi, cikin ƙasar Bagaruwa wadda a da take ƙarƙashin Illela, da can ɗan tabki ne mai ƙafewa da rani, gonakin gero kewaye da shi. A damanar 1974, bayan fari ya share tudun da ke sama, ruwa ya gangaro ya cika kwarin, ya zauna. Gonaki suka koma wurin kamun kifi, a 2005 kuma aka sa tabkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya. Alheri ne ga masunta da tsuntsaye, amma mai gonar da ke ƙarƙashin ruwan ba a tambaye shi ba. Daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa, sai dai ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ruwa ya ƙara nauyi, rufi kuma ya koma kwano. Tsofaffi na cewa a da korama takan taso a hankali ta yi kwanaki tana gudu, yanzu kuwa kana sallar magariba a busasshen yashi, kafin isha ta fi ƙarfin raƙumi.

Gwamnati ta yi abin da uwargida ke yi, ta kafa randa. An datse Majiya a Mozage da Zango, aka ja kanal mai tsawon kilomita 15 zuwa ma'ajiyar Cerasa, daga nan ake raba ruwan ga gandarin Ƙonni, wanda aka gina kashi biyu, a 1976 da 1982, mai faɗin hekta 2,452. Yana cikin manyan gandayen noman rani na Nijar, kuma ba na shinkafa ba ne irin na bakin kogin Kwara. Dawa, masara, alkama, albasa, kabeji da tumatir ake yi, da can kuma har da auduga. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da irin waɗannan wurare tare da ƙungiyoyin manoma. A ƙasar Malbaza ma akwai ƙananan irinsu, kamar na Galmi. Madatsun nan sun yi aiki biyu: sun rage wa ambaliya kaifi, sun kuma ajiye ruwa don rani. Dubban iyalai sun ci, sun aurar da 'ya'ya, sun je Makka da abin da ya fito daga ciki. Ba na cikin masu raina su.

Amma randar da ke ƙarƙashin indararo mai kawo laka, kowace mace ta san abin da ke samunta. Ita dai takan karkata tata ta wanke duk shekara. Madatsar Mozage, wadda aka yi don ta ɗauki wajen kubik mita miliyan 30 na ruwa, ba mai karkata ta. Duk damana jan ruwan da ke saukowa daga fako yana isa, ya natsu, ya ajiye kayansa a gindi. Shekara arba'in da wani abu ana haka. Sakamakon ya fito ta fuska biyu, kuma kowacce ta fi 'yar'uwarta ciwo: da rani ruwan ba ya isar gandarin duka, sai wani ɓangare ake nomawa, da damana kuma randar da rabin cikinta laka ne tana saurin cika ta tumbatsa. Yashe irin wannan madatsa kuɗi ne mai yawan gaske, in kuma an yashe ba a taɓa tudu ba, an dai saya wa lakar baɗi wurin kwana.

A 2016 Nijar da hukumar MCC ta Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar dala miliyan 437, gyaran gandarin Ƙonni yana cikin manyan ayyukanta. Aka sabunta hanyoyin ruwa da magudanai da hanyoyin shiga gonaki. Wanda ya san yadda wurin ya lalace kafin nan ba zai ce ba a yi aiki ba. Abin da nake tsoro wani hali ne namu wanda dala ba ta gyara shi. A kowane gandari hanyoyin ruwa iri biyu ne, mai kawowa da mai fitarwa. Mai kawowa tana da masoya. In ta tsage da dare, kafin asuba an taru a kanta. A kanta ake faɗa, a kanta ake kwana da fitila ranar da layi ya zo kan mutum. Mai fitarwa marainiya ce. Je ka tsaya a bakinta a watan Mayu ka gani: yashi ya cika rabinta, ciyawa ta kama, wani ya tura karan masararsa ciki, wani ya cike wani yanki ya yi wa amalankensa gada, na ƙarshe kuma ya ci gefenta da garma ya ƙara kunya biyu a gonarsa. Kowannensu abin da ya yi kaɗan ne. Ranar da aka kwana ana ruwa, ruwan zai zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya koma da baya, ya kwanta a gonar wanda bai zuba komai ba. Masara ba ta jure kwana uku da ƙafa cikin ruwa. Inda ruwa ya saba kwanciya ya bushe a wurin kuma, sannu a hankali farin gishiri ke fitowa a saman ƙasa, gona ta fara mutuwa mai ita yana zargin taki.

A cikin gari ma haka abin yake, sai dai ya fi wari. Kududdufan da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini su ne ke shanye ruwan unguwa. A garuruwanmu da yawa an cike su da shara, an yanka filaye, an sayar. Ruwan bai sami labarin cinikin ba, yana nan yana zuwa inda ya saba. Lambatun bakin titi kuwa ledar ruwan sanyi ta gama da su, duk da cewa tun 2014 Nijar ta yi dokar hana shigowa da sayar da irin wannan leda. Wani abin takaici a gefe: tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, amma ƙauyukan da ke hango hayaƙin masana'antar, da yawa daga ɗakunansu ba su da ko layi biyu na dutse da siminti a gindin bango, alhali nan ne ruwa ke fara ci. Ɗakin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa.

A nan ne kwatancen gida ya juya, kuma juyawar ita ce gaɓar da ta fi muhimmanci. Mai soro so yake ruwa ya bar rufinsa da wuri. Mai ƙasa kuwa so yake ruwa ya daɗe a bisa, ya shiga ciki, abin da ya rage ya sauko a gajiye. Mutanen Illela sun nuna ana iyawa. A 1989, ƙarƙashin wani shiri da asusun FIDA ya ɗauki nauyi, aka kai wasu manoman yankin Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da matacciyar ƙasa da ramuka. Da suka dawo suka gwada a 'yan hekta kaɗan. Aikin tassa ke nan: da rani, lokacin da ƙasa ta fi tauri, mutum ya ɗauki diga ya haƙa rami mai faɗin kamar taki ɗaya da zurfin da bai kai kamu ba, ya tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, ya jefa ɗan taki cikin tafin hannu, ya matsa gaba ya haƙa wani. Hekta ɗaya takan ci ramuka dubu goma ko fiye. Gara ta zo neman takin ta huda ƙasa da ƙananan hanyoyi, ruwan farko ya bi su ya nutse. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, sai ga gero tsaye a fakon da aka yi wa tassa, gonakin gefe kuwa ba labari. Daga nan ba a sake buƙatar mai wa'azi ba. Cikin 'yan shekaru dubban hekta suka farfaɗo, fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa, samari suka mai da haƙar tassa sana'ar rani.

A ƙauyen Batodi, nan cikin Illela, an ga abin da ya biyo baya a cikin rijiya. A 1994 sai an zura guga wajen mita 18 kafin a taɓa ruwa. Bayan shekara goma ana samunsa a wajen mita 4, mata suka kafa lambuna inda a da ba a mafarkinsu. Wannan ruwan da ya hau rijiya shi ne wanda a da yake gudu cikin dare ya faɗa wa mutanen kwari. Ba a yi kanal ba, ba a yi madatsa ba, an dai hana shi gudu tun yana ɗigo.

Tassa ba ita kaɗai ba ce. Akwai ramukan rabin-wata, akwai jerin duwatsu da ake shimfiɗawa a gicciye da gangare, akwai gajeren bangon dutse da siminti da ake gindayawa a cikin korama don ruwa ya rage gudu ya bazu a fadama ya ajiye lakarsa a gona, irin wanda Jamusawa suka taimaka aka gina da yawa a jihar Tawa. Aikin Keita da ya fara a 1984 da tallafin Italiya ya yi irin wannan a kan tuddai masu faɗi, mafi yawan masu ɗaukar dutsen kuma mata ne, don mazan sun tafi ci-rani. A kwarin Majiya kansa, ta wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka dasa layukan bedi masu tare iska. Wato ilimin yana nan, a hannun mutanen yankin, an gwada an gani. Ba daga waje za a kawo shi ba.

Abin da ya rage shi ne tambayar da mai unguwa zai fara yi: wa ke aikin, wa ke cin moriyar? Mai haƙa tassa a kan tudun da ke zuba cikin Majiya galibi shi ne mafi talauci a yankin. Gonarsa dutse ce, ba shi da ban-ruwa, da rani yana Abijan ko Legas ko Agadas yana neman na hatsi. Duk ramin da ya haƙa yana rage lakar da za ta shiga Mozage, yana rage ruwan da zai kwana a gonar mai albasa a Ƙonni. Mai albasan bai san sunansa ba. A gida ɗaya ba a yin haka. In rufi na zuba, wanda ke kwana a ƙasa shi ne kan gaba wajen kawo kuɗin yaɓe, ko da ba shi zai hau ba. A ganina ya kamata wani kaso na kuɗin ruwan da manoman gandari ke biya, da wani abu daga harajin da ake karɓa kan buhunan albasa, ya riƙa hawa tudu duk shekara a biya masu tassa da masu jera dutse. Za a ce manomin gandari da kyar yake biyan abin da ke kansa yanzu, kuma gaskiya ne. Amma yana biyan kuɗin lakar nan ko ya so ko bai so ba, ta hanyar noman ranin da yake rasawa. Gara ya biya tun tana kan tudu, can ta fi arha. Dogaro da masu ba da agaji kuwa mun ga iyakarsa: shiri yakan zo da motoci da alluna, ya yi shekara biyar, ya naɗe tabarmarsa, korama kuma ba ta da ranar rufe aiki.

Sai maƙwabcin ƙetare. Mutanen Kalmalo sun daɗe suna kukan tabkinsu ya ja baya tun da aka datse ruwan a sama, ga fari ya ƙara masa. In shekara ta yi ruwa da yawa kuma, abin da ya fi ƙarfin randar Ƙonni su yake sauka wa. A 1990 Nijar da Nijeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, Majiya na cikin koguna huɗun da aka ambata. Takarda ce mai kyau. Amma tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato tafiyar 'yan mintuna ce a babur, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya suke ci. Ba sai an jira taron ministoci ba kafin mai kula da madatsa ya ɗaga waya ya ce wa na ƙasa, "Ranka ya daɗe, ruwa ya kusa kai baki, a gaya wa mutanen fadama su kwashe injinansu." Haka ma tsakanin ƙauyen sama da na ƙasa a cikin kwari ɗaya. Ruwan da ya sauka a Buza yana ɗaukar sa'o'i kafin ya iso, waya kuwa yanzu tana aljihun kowane makiyayi.

Damanar 2024 ta nuna iyakar haƙurin gidan. A faɗin Nijar kusan mutum 400 suka rasu, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka shiga halin ni-'yasu. Tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe a farkon Satumba. An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa ɗaki. Jihar Tawa ta sha nata, ga amai da gudawa da ya biyo baya har ya taɓa Ƙonni da Madawa da Buza, domin inda ruwa ya kwanta ya haɗa masai da rijiya ba a rasa wannan baƙo, balle sauro. An yi jaje, an raba shinkafa da tabarmi da barguna, an ce daga Allah ne. Daga Allah ne, babu shakka. Sai dai magidancin da ya ƙi hawa rufinsa da bazara, in ɗaki ya zuba wa iyalinsa, 'yan'uwa za su zo su taya shi kwashe kaya, su ce Allah ya kiyaye gaba, amma a hanyar komawa gida kowa ya san abin da zai faɗa.

Ba na cewa diga da shebur za su hana irin ruwan 2024 yin ɓarna. Akwai daren da babu tassar da za ta riƙe, akwai unguwannin da gaskiyarsu ita ce a ba su fili a tudu su tashi, a kuma hana wani ya maye gurbinsu. Amma yawancin hasarar da ake yi a kwarin nan ba a irin wannan dare ake yin ta ba. Ana yin ta ne a damana ta yau da kullum, ta dalilin magudanar da ta toshe, da kwalbatin da yashi ya cika a ƙarƙashin titi, da kwazazzabon da aka gani yana ɗan yaro aka ƙyale har ya girma ya raba gona biyu. Waɗannan duk sun yi daidai da ƙarfin gari.

Saboda haka kirana ga masu riƙe da ƙananan hukumomin Ƙonni, Tsarnawa, Dogarawa, Malbaza, Badagishiri da Illela, da sarakuna da masu gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma, shi ne su mai da Afrilu da Mayu watannin ruwa a tsarin aikinsu. A raba kowace magudanar gandari gaɓa-gaɓa, a rubuta sunan rukunin da ke da alhakin kowace gaɓa, wanda bai yashe tasa ba a hana shi layin ruwa da rani. A hana sayar da kududdufin da ya rage. A ware kuɗin tassa a kasafin shekara ko da kaɗan ne, a fara da tuddan da ke zuba kai tsaye cikin Mozage da Zango. A sa ranar gayya tun yanzu, a sanar a masallatan Juma'a da gidajen rediyon gari, kuma shugaban da ya sa ranar ya zo da shebur ɗinsa.